Jan ruwan inabi mai zaƙi-zaƙi: wanne ne lemo, wanne ne giya?

Kwalbar nan mai dogon wuya da ake jerawa a teburin ango da amarya wajen dina, ko ake cusawa cikin kwandon kyautar sallah, lemo ce ko giya? Tambayar na yawan tasowa a Katsina da Daura, kuma amsar da aka fi ji ita ce: "Ai mai zaƙi ce, babu komai a ciki." A wannan amsa matsalar take. Akwai nau'in jar giyar inabi da aka yi shi musamman don ya yi zaƙi, wanda ake rubuta wa "semi-sweet" a jikin kwalba, kuma barasar da ke cikinsa ta ninka ta giyar kwalba, wato biya, da aka saba jin labarinta. Mutane suna kiran duka biyun "wayin", kwalbarsu iri ɗaya, launinsu iri ɗaya, hoton nonon inabi a jikin kowacce.

Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, ta kuma kafa hukumar Hisbah a 2023, don haka ba a baje giya a kanti a fili. Amma kwalba tana tafiya. Tana shigowa cikin kyautar da abokin aiki ya aiko daga Abuja ko Legas, tana shigowa cikin kayan da ake sarowa daga Kwatano, tana ƙetarowa ta Jibiya ko Kwangwalam da rubutun Faransanci a jikinta. Sau da yawa mai kantin da ya karɓa shi kansa bai karanta ba.

Yadda ruwan inabi ke komawa giya

Inabin da ya nuna sosai yana ɗauke da sukari mai yawa, giram 200 zuwa 250 a kowace lita ta ruwansa. A jikin ɓawonsa da cikin iska akwai yis, dangin wanda ake tayar da burodi da fanke da shi. Da zarar an fasa inabin yis ya taɓa ruwan, sai ya fara cin sukarin yana fitar da abu biyu: barasa da iskar da ke sa kumfa. Lissafin da masu wannan sana'a ke aiki da shi shi ne, kusan giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa. Idan aka bar yis ya cinye sukarin tas, ruwan da ya fara da giram 220 zai ƙare da barasa kusan kashi 13, babu sauran zaƙi. Wannan ita ce giyar da ake rubuta wa "dry", mai tsami da bauri, wadda duk wanda bai saba ba zai tofar da ita a kurɓin farko.

Jan launin kuwa daga ɓawo yake. Yawancin baƙin inabi idan aka matse shi aka ware ɓawon nan take, ruwan fari-fari yake fitowa. Sai an bar ruwan da ɓawon sun kwana tare kwanaki kafin launin ya sauka, tare da sinadarin tanin mai sa bauri, wanda ke ƙafar da baki kamar yadda goro ke yi.

Daga ina zaƙin yake fitowa

Mai zaƙi-zaƙin ana samunta ta hanya biyu. Ta farko, a tsayar da yis kafin ya gama aiki. Ana sanyaya tankin har kusan ma'aunin daskarewar ruwa, yis ya kwanta, a tace shi a fitar, a zuba sinadarin salfait don kada wani ya sake tashi. Sukarin da yis bai kai gare shi ba shi ne zaƙin da ake ji. Ta biyu, a bar giyar ta gama tsima, sannan a zuba mata ruwan inabi mai zaƙi da aka ajiye gefe. Yawancin masu araha da ke yawo a kasuwannin Najeriya ta hanya mai sauƙi irin wannan ake haɗa su.

Dokar Tarayyar Turai ta rarraba matakan zaƙin da alƙaluma. Wadda sukarinta bai wuce giram 4 a lita ba ita ce marar zaƙi. Daga nan zuwa giram 12 akwai mai ɗan zaƙi kaɗan. Daga 12 zuwa 45 ita ce mai zaƙi-zaƙi da muke magana a kanta. Abin da ya haura 45 shi ne mai zaƙi sosai.

Ga inda ya kamata a tsaya a duba da kyau. A ce ruwan ya fara da giram 230, aka tsayar da yis saura giram 40. Giram 190 ke nan suka koma barasa, wato kusan kashi 11. Zaƙin bai rage barasar da wani abin kirki ba, lulluɓe ta kawai ya yi. Kwalba ɗaya mai mililita 750 a kashi 11 tana ɗauke da tsantsar barasa kusan mililita 82. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 a kashi 5 tana da mililita 30. Ashe kwalba ɗaya ta wannan "mai zaƙin" ta kusa kai giyar kwalba uku. Kuma saboda sukari yana danne ɗaci da zafin barasa a harshe, musamman idan an sanyaya ta, yaro ko matar da ba ta taɓa ɗanɗana giya ba za su iya shan kofi biyu ba su gane ba sai kai ya fara juyawa. Gwaji da harshe ba hujja ba ce, bai kuma kamata a maida shi hanyar tantancewa ba.

Irin inabin da ake yin ta da shi

Sanin sunan inabin yana da amfani domin sau da yawa shi ne aka rubuta da manyan baƙi a gaban kwalba, adadin barasa kuma a ƙanana can ƙasa.

Ƙasar da ta fi shahara da jar giya mai zaƙi-zaƙi ita ce Jojiya, ta yankin tsaunukan Kokesas. Kindzmarauli da Akhasheni daga yankin Kakheti suke, ana yin su da inabin Saperavi, wanda yana cikin 'yan tsirarun nau'ikan da har naman cikinsu ja ne, shi ya sa ruwansa ke yin duhu kamar tawada. Khvanchkara daga yankin Racha take, haɗin inabi biyu ce, Aleksandrouli da Mujuretuli. A can tsaunin, sanyin kaka ne ke tsayar da yis da kansa tun kafin a san firji. A Italiya akwai Lambrusco ta Emilia-Romagna, mai ɗan kumfa, da Brachetto ta Piemonte wadda barasarta ke kusan kashi 5 zuwa 6. Waɗannan biyun sun fi kowa kama da lemon inabi mai gas. A Jamus akwai Dornfelder, inabin da aka samar ta hanyar barbara a 1955. Waɗanda suka fi yawa a manyan kantunan Najeriya daga Afirka ta Kudu da Sifaniya da Amurka suke, irin su Four Cousins da Carlo Rossi, kuma galibi haɗin nau'ika ne, ba a ma ambaton sunan inabin.

Inabin lemo daban ne. Shahararrensa Concord, na Amurka, mai launin shuɗi-baƙi da ƙamshi mai ƙarfi. A 1869 wani likitan haƙori mai suna Thomas Welch ya dafa ruwan wannan inabi a cikin kwalba don ya kashe yis, saboda yana so cocinsu ta samu ruwan inabi marar maye. Daga nan lemon inabi na kwalba ya samo asali. Inabin ci kuma, irin Red Globe da ake gani a teburin masu kayan marmari da wanda manoman Kudan da Hunƙuyi a jihar Kaduna ke nomawa, manya ne, ɓawonsu siriri, sukarinsu bai kai na inabin giya ba.

Abu uku ne a kwalba iri ɗaya

Na farko lemon inabi ne zalla, wanda bai taɓa tsima ba. An matse, an dafa, wani lokaci an cusa masa gas kamar sauran lemukan kwalba. Eva da Chamdor da aka saba gani a wajen biki suna wannan aji. Kumfarsu ta inji ce, ba ta yis ba.

Na biyu giya ce sosai, mai zaƙi ko marar zaƙi.

Na uku shi ne mai rikitarwa: giyar da aka gama haɗawa sannan aka cire mata barasa. Barasa tana tafasa a ma'aunin zafi 78, amma idan aka zuƙe iskar tukunya tana tashi a kusan 30, don haka ana iya fitar da ita ba tare da an dafe ɗanɗanon ba. Wani Bajamushe, Carl Jung na garin Rüdesheim, ya yi rajistar wannan fasaha a 1908. Akwai kuma masu tacewa ta wani siririn rariya. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira ta "dealcoholised" matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 ba. A Amurka ma ana iya rubuta "non-alcoholic" a kan abin da ke ƙasa da 0.5. Don haka wannan kalma ba koyaushe take nufin babu ko ɗigo ba.

Kan aji na biyu babu saɓani. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya, hadisi ingantacce ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, wani kuma ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kan aji na farko ma babu. Saɓanin yana kan na uku. Wasu malamai suna duba sakamako: idan ko an sha tulu guda ba za a bugu ba, hukuncin giya ya faɗi. Wasu suna duba asali: ruwan ya riga ya zama giya, cire barasa ba ya tsarkake shi, kuma sayensa taimaka wa masana'antar giya ne. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta ɗauki wannan ra'ayi na biyu a 2011, inda ta ce abin sha da aka yi da niyya da tsarin haɗa giya haramun ne ko da an tsame barasar. A ganina, ga mai shirya walima a Katsina, inda za a shayar da ɗaruruwan mutane da ba a san fahimtar kowa ba, babu dalilin shiga wannan saɓani alhali aji na farko yana nan a kanti kuma ya fi araha.

Abin da za a duba a jikin kwalba

A fara da lamba mai alamar kaso, wadda "vol" ko "alc" ke biye da ita. Takan kasance a ƙasan takardar gaba ko a ta baya. Idan an ga 7 ko 9 ko 11.5, giya ce, komai zaƙinta. Idan an ga 0.5 ko ƙasa da haka, a nemi kalmar "dealcoholised" ko "alcohol removed", aji na uku ke nan. Lemo kuwa yakan ce "grape juice" ko "grape drink", kuma a jerin kayan haɗinsa za a ga ruwa, ruwan inabi, wani lokaci sukari da gas.

Kayan da suka shigo ta Maraɗi ko Damagaram sukan zo da Faransanci. "Jus de raisin" lemo ne. "Vin" giya ce. "Moelleux" da "demi-doux" suna nufin mai zaƙi-zaƙi, har yanzu giya. Na Italiya "amabile" suke rubutawa, na Jamus "lieblich", na Sifaniya "semidulce". Kalmar "natural sweet" da ke kan na Afirka ta Kudu ta yaudari mutane da yawa, domin suna ɗauka tana nufin ruwan 'ya'yan itace ne na asali, alhali sunan wani aji ne na giya.

Abu biyu kuma ba sa nuna komai. "Contains sulphites" maganin hana lalacewa ne da ake sa wa giya da lemo duka. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kayan rajista ne kawai, hukumar tana yi wa giya ma. Sannan kada a dogara da sunan kamfani: J.C. Le Roux na Afirka ta Kudu, alal misali, yana yin mai barasa da marar barasa a kwalabe masu kama da juna. Wanda ya sayi katan ya duba kowace kwalba, domin 'yan sari sukan cike gurbin katan da abin da ya samu.

Maganar "tana ƙara jini"

Akwai masu ba mai jego ko wanda ya tashi daga jinya jar giya wai don ta ƙara jini. Jan launi ne ya jawo wannan zato. Ƙarfen da jiki ke bukata don gina jini kaɗan ne ƙwarai a cikinta, tanin ɗin da ke ciki ma yana rage yadda hanji ke tsotse ƙarfe daga abinci. Hanta, jan nama, wake da zogale sun fi ta nesa ba kusa ba. Maganar lafiyar zuciya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa, kuma barasa tana cikin rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Lemon ma yana da nasa kashedi. Ruwan inabi zalla yana da sukari kusan giram 150 a lita, ya fi Coca-Cola mai kusan 106. Kofi ɗaya na mililita 250 ya kai ƙaramin cokali tara na sukari. Mai ciwon sukari ya sani.

Abincin da ya dace da shi

A ƙasashen da ake shan mai zaƙi-zaƙi, ana haɗa ta da abinci mai yaji, gasasshen nama mai gishiri, cuku mai ƙarfi da kayan marmari. Dalilan ba su da alaƙa da barasa. Zaƙi yana kwantar da zafin barkono. Tsami yana wanke maiƙo daga baki. Tanin yana kama furotin da kitse, sai baurinsa ya yi laushi, naman ma ya fi daɗi. Barasar kanta ƙara wa barkono zafi take yi. Ashe abin da ake nema, wato zaƙi matsakaici da tsami da ɗan bauri, ana iya samunsa ba tare da ita ba.

Matsalar lemon inabi zalla ita ce zaƙinsa ya yi yawa, ya ninka na mai zaƙi-zaƙi sau uku ko fiye, yana toshe ɗanɗanon abinci yana kuma kashe ci. Maganin wannan yana cikin kowane gida a Katsina, wato zoɓo. A wanke busasshen zoɓo giram 40, a zuba masa tafasasshen ruwa lita ɗaya, a rufe minti 20, a tace. Kada a sa sukari, kada a sa kayan ƙamshin kanti. A ɗauki mililita 750 na wannan a haɗa da mililita 250 na lemon inabi zalla. Sukarin haɗin zai tsaya kusan giram 38 a lita, daidai cikin ajin mai zaƙi-zaƙi, zoɓon kuma ya kawo tsami da bauri da launi mai duhu. Ƙwayar kanumfari biyu ko uku sun isa idan ana son ƙamshi. Masu sa kanwa a zoɓo don kashe tsami su bar ta a nan: tana kashe abin da ake nema, tana kuma juya jan launin ya koma shuɗi-baƙi marar kyau.

Wannan haɗin yana tafiya da tsire da balangu da kilishi, ya fi kuma dacewa da naman sallah da aka soya da mai, inda tsamin ke da aikin yi. Yana yi da farfesun kayan ciki mai attaruhu, da dambun nama, da soyayyen awara. Ba ya yi da kifi. Da tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ma babu abin da yake ƙarawa, ruwan sanyi ya fi.

Da kayan zaƙi ƙa'idar ta juya. Dole abin sha ya kai abin ci zaƙi ko ya fi shi, in ba haka ba sai ya koma tsami salam a baki. Don haka da alkaki, nakiya ko dubulan, lemon zalla ne ya dace, a ƙaramin kofi. Cincin da gyaɗa mai gishiri suna karɓar kowanne.

A sha da sanyi matsakaici, ma'auni 12 zuwa 14, wato a fitar daga firji kamar minti 10 kafin a zuba. Sanyi mai tsanani yana ɓoye ƙamshi yana ƙara bauri. Ƙanƙara a cikin kofi kuma tana tsinka haɗin, gara a sanyaya kwalbar.

Mai matsewa a gida

Kilo ɗaya na inabin ci yana ba da mililita 600 zuwa 700. A cire shi daga reshe, domin reshen yana kawo ɗaci, a wanke, a farfasa da hannu ko ludayi. Kada a sa a bilenda da ƙwayoyinsa, idan suka fashe baurin ya wuce misali. Idan ana son launi, a ɗora farfasasshen inabin da ɓawonsa a wuta kaɗan, ma'auni 60 zuwa 65, na minti 15, kada ya tafasa, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta. Tukunyar silba marar tsatsa ko mai fenti ta fi, domin tsamin inabi yana cin tukunyar dalma yana ɓata launi. A sake ɗumama tataccen ruwan zuwa 80 na minti biyar, a zuba da zafinsa a kwalbar gilashi da aka tafasa, a rufe, idan ya huce a sa a firji. Idan aka ga wasu ƙwayoyi kamar gishiri a gindin kwalba bayan kwanaki, sinadarin tsamin inabi ne ya daskare, ba su da illa, a tace kawai.

Abin da ke lalacewa shi ne wanda ba a dafa ba, ko aka buɗe aka bari a waje. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke kai 40 a Katsina da Daura ga kuma ɗaukewar wuta, yis na iya fara aiki cikin yini ɗaya zuwa biyu. Wannan ya shafi lemon kanti da aka buɗe, da zoɓo mai sukari, da jiƙon zabibi ko dabino. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana shan jiƙon zabibi har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura bayan nan ba ya sha. Alamomin tsima a bayyane suke: kumfa tana tasowa da kanta a ruwan da ba shi da gas, murfi yana huci idan an buɗe, gorar roba ta kumbura ta yi tauri, wari irin na ƙullun fanke da ya kwana, zaƙi ya ragu, harshe yana jin tsikari. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu a zubar. Tafasawa a wannan mataki tana kashe yis ɗin amma ba ta fitar da barasar duka. Lemon da aka buɗe, ko da firji na aiki, a shanye shi cikin kwana biyar zuwa bakwai, idan kuwa babu tabbacin wuta a haɗa na yini ɗaya kawai.